Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin abincin taron zumunci

Yawancin dangin da ke haɗa taron zumunci a Maradi ta wajen kuɗi suke fara lissafi: a yanka wa kowane magidanci jika biyar ko goma ta kuɗin sefa, a tara, sannan a zauna shawarar abin da za a saya. Tun daga nan aka kauce hanya. Bakin da za su ci ake fara ƙirgawa, da kuma sau nawa za a ɗora tukunya.

Wannan "sau nawa" ɗin shi ke karya masu shiri. A baki taron wuni ɗaya ne, amma 'yan'uwa na Dakoro da Tasawa da Damagaram ba za su taso da asuba su juya da magariba ba, balle waɗanda za su ƙetaro daga Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa. Tun jajibiri gida ya cika. Ga tuwon dare, ga kunu da ƙosai da safe, ga furar hantsi, kafin ma a zo ga babbar tukunyar rana. Washegari kuma sai an karya kumallo kafin a raka su tasha. An yi kasafin girki ɗaya, an wayi gari ana na biyar. Gyaran shi ne a ware masu kwana da lissafinsu daban, a kuma raba su gidajen 'yan'uwa na cikin gari, kowane gida ya ɗauki karin safen baƙinsa.

Haka ƙidayar gida-gida. "Gidan Alhaji" suna ɗaya ne a takarda, amma mata biyu ne da 'ya'ya da jikoki da ɗan riƙo. Ƙirga kai. In ka gama, ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda kwanukan da za a aika maƙwabta da almajiran da za su tsaya ƙofar gida.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne maza su shige zaure su kammala lissafi babu mace ko ɗaya a ciki. Namiji ya san buhun shinkafa da rago, shi ke nan. Bai san mai bidon nawa zai shiga ba, ko albasa da tattasai da attaruhu da magi da daddawa, ko kuɗin niƙa, itace, ruwan leda, ƙanƙara, sabulun wanke-wanke da hayar manyan tukwane. Kowanne ƙarami ne, amma su ne ke sa a ji ana "a kawo jika biyu" tun safe har la'asar. A nemo dattijuwar da ta saba girkin biki a tambaye ta kai tsaye: "Gwaggo, mutum 150 ne, me zai ishe mu?" Da tiya da kilo za ta ba ka amsa, ba da kuɗi ba, kuma haka ya dace a rubuta, sai a tafi Babbar Kasuwa a jiyo farashin ranar. Ga ma'aunin farawa: kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yakan ciyar da manya biyar zuwa shida, wato buhu mai kilo 25 ya riƙe mutum 125 zuwa 150 a zama ɗaya.

Lokacin saye ma ana sakaci da shi. Hatsi da wake da gyaɗa da kaka suke araha, wajen Oktoba da Nuwamba. Da damina ta yi nisa sun hau. Tumatir da albasa sai kayan lambu sun fito da rani. Duk abin da ba ya lalacewa a saye shi da wuri a kulle a ɗaki, makulli hannun mutum ɗaya. Rago kuwa kada a kuskura a neme shi gab da Layya.

Nama ido ke ruɗin mutane a kansa. Ragon da ka gani a tsaye, in an feɗe an cire fata da kai da kayan ciki, kusan rabin nauyinsa ya tafi. A sa mahauci ya yanka daidai adadin da ake so, a kuma ba mace ɗaya ludayin rabo, in ba haka ba faranti na farko su sha tsoka, na ƙarshe su tashi da romo.

Sai alkawari. "Zan turo" ba ya sayen gishiri. A sa ranar rufe karɓa mako biyu kafin taro, a yi kasafi da abin da ya shigo hannu. Gudummawar da ta zo da naira a canza ta ranar da ta iso, a rubuta da sefa, don tun da aka sakar wa kasuwa farashin naira a Yunin 2023 darajarta ba ta zama wuri ɗaya. Wanda ba shi da kuɗi kada a matsa masa: ɗan'uwan ƙauye da ya kawo tiya goma ta hatsi ko amalanken itace, a ƙimanta da farashin kasuwa a rubuta gaban sunansa, a karanto tare da na kowa ranar taro.