Yadda za ka tsare fasfonka a tafiyar Umara ko fatauci

Idan guzuri ya salwanta a ƙasar waje, 'yan gida na iya turo maka wani kafin rana ta faɗi. Fasfo kuwa ba a turo shi. Wanda nasa ya ɓace a Jidda, Dubai ko Guangzhou, jirgi zai tashi ya bar shi, kuɗin masauki na hawa, shi kuma yana zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da na jakadanci.

Tun kafin ka biya kuɗin tikiti ka buɗe shafin hotonka ka duba ranar ƙarewar wa'adi. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Sin duk suna buƙatar ya rage aƙalla wata 6, kuma tun a kantar kamfanin jirgi a Kano ko Abuja ake mayar da mutum gida kan wannan. Ka tabbatar akwai shafi biyu da ba a buga musu komai ba. Ɗan kasuwan da ke yawan fita gara ya nemi fasfon Najeriya mai shafi 64 na shekara 10, domin mai shafi 32 biza da hatimi kan cinye shi kafin shekara 5 ɗinsa su cika.

Sai kwafi. Ka yi biyu masu launi na shafin hoto da na biza. Ɗaya ka bar wa wanda ka san yana ɗaga waya a gida, ɗaya ka sa a jakar da ba ita ke ɗauke da fasfon ba. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel, saboda sau da yawa waya da fasfo tare suke tafiya hannun ɓarawo. Ka haɗa da ƙananan hotuna huɗu masu farin bango, da lambar wayar ofishin jakadancin ƙasarku a rubuce a takarda.

Wurin ajiya a jiki shi ne inda aka fi yin sake. Aljihun gefe na kaftani bakinsa a buɗe yake, da ka zauna a tasi littafin zai zame ba tare da ka ji ba. Aljihun baya na wando kuwa sadaka ce ga ɗan sane, ga lanƙwasa littafin da zama ke yi. Dabarar fataken da ita ce har yau ta fi: lalita a ƙugu, ƙarƙashin riga. Ta zamani mai zif ta wadatar. Mai ihrami ya juyo aljihun bel ɗinsa gaba, hajiya kuma ta rataya ƙaramar jaka a wuya cikin hijabi, igiyar ba ta fito waje ba. Ka sa fasfon a leda mai zif kafin ya shiga lalita, don gumin Makka kaɗai ya isa ya jiƙa shafuka har tawadar hatimi ta watsu. Kuma wuri ɗaya tak za ka zaɓa masa. Mai sauya masa aljihu yau da gobe shi ne ke zazzage kaya a gaban jami'i, layi na jiransa.

A filin jirgi za ka fito da shi sau uku ko huɗu cikin awa biyu. Duk lokacin da aka miƙo maka, ka matsa gefe ka mayar da shi wurinsa kafin ka taɓa waya ko akwati. Kada ya zauna a jakar hannu, domin idan jirgi ya cika akan karɓi jakunkuna a bakin ƙofa a kai su cikin kaya, kai kuma sai ka wuce jami'an shige da fice kafin ka sake ganin taka. Aljihun bayan kujera ma tarko ne, kuma da wuya a bar wanda ya sauka ya koma ciki. Idan shugaban tawaga ne ya tattara fasfunan ya raba, buɗe ka ga fuskarka. Dukkansu koraye ne.

A masauki, dokar ƙasar ce ke raba gardama. A Sin ana son baƙo ya kasance da fasfonsa, da shi ake shiga jirgin ƙasa, kuma wanda ya sauka gidan ɗan'uwa maimakon otal wajibi ne ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. A Makka, cunkoson ɗawafi ba wurin fasfo ba ne. Ka bar shi a kulle, ka fita da kwafi da takardar biza, alhaji kuma da katinsa na Nusuk, wato katin shaidar mahajjaci da Saudiyya ke bayarwa. Idan ɗakin na da akwatin sirri, ka sa lambobinka ka gwada su ƙofar na buɗe. Daren tafiya ka jefa takalmi ƙafa ɗaya a ciki, ba ka fita da ƙafa ɗaya ba balle ka manta.

Fasfo ba kayan jingina ba ne. Kada ka bar shi hannun mai ba da hayar mota, dillalin kaya ko wanda ke binka bashi. Ma'aikacin otal ya kwafa a gabanka ya ba ka abinka. Masu zuwa aikatau su sani cewa dokar Saudiyya da ta Daular Larabawa sun hana uban gida riƙe fasfon ma'aikaci. Mai farin kaya da ya tare ka a titi ya ce shi jami'i ne, nemi katin shaidarsa, ka ce ku ƙarasa ofis.

Lalacewa ma ɓata ce. Kwalbar turare ko zamzam da ta tsiyaye a jaka, ko rigar da ta tafi wanki da shi a aljihu, sun isa. Idan ya jiƙe, sa takarda mai tsotse ruwa tsakanin shafuka ka bar shi ya sha iska a inuwa. Dutsen guga da rana na iya kashe 'yar na'urar da ke cikinsa. Kada ka cire shafi ko ka yi rubutu a ciki, kuma ka nisanta shi daga yaro mai biro.

Idan ya ɓace, fara kiran otal, direba da kamfanin jirgi. In shiru, sai rahoton 'yan sanda a rubuce, da shi da kwafi da hotuna ka nufi ofishin jakadanci. Najeriya na da su a Riyadh da Jidda, Abu Dhabi da Dubai, Beijing, Shanghai da Guangzhou. Abin da aka saba bayarwa shi ne takardar tafiya ta gaggawa, wadda gida kawai take mayar da kai, saboda haka ka nemi jirgin da ba ya yada zango, ko ka tambayi kamfanin tukuna. Bizarka na haɗe da fasfon da ya ɓace, don haka akwai sauran izinin fita: Jawazat, wato hukumar fasfo, a Saudiyya, ofishin shige da fice na 'yan sanda a Sin. A gida kuma za a nemi rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu kafin a yi maka sabo. Idan tsohon ya bayyana daga baya, kai shi ofis. Lambarsa na iya riga ta shiga kundin 'yan sandan ƙasa da ƙasa (Interpol) na fasfunan da suka ɓace, kuma wanda ya miƙa shi a kan iyaka ana iya tsare shi.