Yadda Ake Zaga Garin Lamu Cikin Kwana Biyu

Yawancin baƙin da na ga sun bar Lamu da ƙorafi agogon hannunsu suka bi wajen tsara tafiyarsu, alhali a wannan tsibiri na gaɓar tekun Kenya cikowar ruwa da janyewarsa ne ke yanke abin da mutum zai iya gani a kowace rana. Ga mai kwana biyu kacal, sa'o'i huɗu idan suka salwanta daidai suke da kusan rabin yini.

Mataki na farko shi ne ka zo ta jirgin sama daga Nairobi ko Mombasa ko Malindi, ka ƙyale doguwar hanyar mota. Filin jirgin yana tsibirin Manda, daga nan kwale-kwale zai tsallaka da kai cikin 'yan mintuna. Kada ka ɗauko akwati mai taya, domin garin ba na motoci ba ne, jakuna ne ke dakon kaya, wasu lungunan kuma da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Ka kama masauki a cikin tsohon gari. Masaukan Shela, wani ƙauye da ke kusa da garin a tsibirin, sun fi tsada, kuma za ka riƙa biyan kuɗin kwale-kwale duk lokacin da kake son ganin abin da ya kawo ka.

Mataki na biyu, wanda a nan ne ni kaina na yi tuntuɓe, shi ne daidaitawa da mai jirgin ruwa tun ranar isowa game da zuwa kufan Takwa. Takwa tsohon gari ne na Suwahilawa a tsibirin Manda, wanda mazaunansa suka watse a ƙarni na 17 bayan ruwan rijiyoyinsu ya koma na gishiri, suka koma Shela. Ana isa wurin ne ta wata siririyar hanyar ruwa da ta ratsa cikin bishiyoyin da ke tsirowa a ruwan gishiri, waɗanda ake kira mikoko, kuma jirgi ba ya shiga ko fita sai ruwa ya cika. Da na tambayi mai jirgin lokacin tashi sai ya ce mini "saa sita". Ni kuwa da kunnen da ya saba da Larabci na ji "sitta", na ɗauka ƙarfe shida na safe yake nufi. Ashe Suwahilawa daga ƙarfe shida na safe suke fara ƙirga sa'o'in yini, saboda haka "saa moja" ƙarfe bakwai ne, "saa sita" kuwa sha biyun rana. Na idar da sallar asuba na tsaya a bakin ruwa, ban gan shi ba, na ji haushi na ɗauki wani matashi da ya ce zai kai ni. Ba mu yi nisa cikin mikoko ba cikin jirgin ya zauna a laka. Muka zauna muna kallon ƙananan ƙaguwa suna fitowa daga ramukansu, sauro yana cizo, rana tana ƙara zafi, har ruwa ya dawo ya ɗaga mu. Mutumin farko gaskiya ya faɗa mini, domin tsakanin janyewar ruwa da cikarsa kusan sa'o'i shida ne, ni ne na fita a daidai lokacin da ya fi janyewa.

Saboda haka ka sa mai jirgi ya nuna maka lokacin a fuskar wayarka, ka kuma tambaye shi ƙarfe nawa dole ku baro Takwa, don wanda ya daɗe a can zai iya tarar da hanyar dawowa ta bushe. Cikar ruwa tana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, lokacin da wani baƙo ya bi shekaranjiya ba zai yi maka ba. Ku gama ciniki kafin ka sa ƙafa a jirgi, a fayyace kuɗin na zuwa da dawowa ne har da jira, kuma ka riƙe ragowar sai kun dawo. Idan kun kai mutum huɗu ku haɗa kuɗin, ya fi sauƙi ƙwarai. A Takwa ka tsaya a masallacin Juma'a mai dogon ginshiƙi a kan bangon alƙibla, za ka lura arewa ya fuskanta. Haka alƙiblar take a duk Lamu, wanda ya saba da gabas ya kiyaye a masaukinsa.

Da zarar lokacin Takwa ya tsaya, sai ka jera sauran a gefensa. Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, da ƙafa ake zaga shi, da sassafe ko bayan la'asar. Ka fara da gidan tarihi da ke bakin ruwa, domin wanda ya ga ƙofofin katako masu sassaƙa da manyan ƙahonnin busa na sarauta da ake kira siwa a can zai fahimci abin da yake gani a lunguna. Daga nan ka shiga babbar ganuwa, wato ginin tsaro na Lamu Fort, da aka fara ginawa a 1813 aka kammala a 1821, wadda daga baya ta zama gidan yari har 1984. A ganina rana ɗaya ta ɗan jagora mai rajista ta wadatar, shi ne zai nema maka izinin shiga gidajen dutsen murjani, masu barandar zama a bakin ƙofa da ke aikin zaure, inda ake tarar baƙo ba tare da ya shiga wurin iyali ba. Idan ka ji motsin jaki a bayanka ka manne da bango. Kada ka ɗauki hoton mata sai da izini.

Ka yi sallah ɗaya a masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, cibiyar bikin Maulidin da ke cika garin a watan Rabi'ul Awwal. Mai zuwa a wannan lokaci ya kama ɗaki tun da wuri. Shela kuwa tafiyar kusan kilomita 3 ce ta bakin ruwa. Ka tafi da ƙafa lokacin da ruwa ya janye, ka ga hasumiyar masallacinta da tuddan yashi, ka dawo a kwale-kwale kafin magariba, sannan ka nemi gahawa a dandalin gaban ganuwa inda dattawa ke zama.