Abincin jariri a jakar matsawa: yadda nake haɗawa da adanawa

Ranar da na fara zuba wa 'yata abinci a irin 'yar jakar nan ta roba, mai zif a gindi da bakin tsotso a sama, cika ta na yi fal na jefa a firiza. Washegari na tarar zif ya buɗe, markaɗaɗɗen karas ya fito ya daskare a jikinta. Ruwa in ya zama ƙanƙara kumbura yake yi da kusan kashi 9 cikin 100, abincin jariri kuwa yawancinsa ruwa ne. Tun daga ranar nake barin sarari kamar faɗin yatsu biyu kafin in rufe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, daga nan a fara haɗa wa yaro da abinci, nonon kuma yana ci gaba. A lokacin na fara, da abu ɗaya tak, in jira kwana 3 zuwa 5 kafin in kawo wani sabo, don in ƙuraje ko gudawa suka ɓullo in san mai laifin.

Karas, kabewa, dankali da tuffa nakan fere su, in yanka ƙanana, in turara su har sai cokali ya murƙushe su ba tare da na sa ƙarfi ba. Na fi son turarawa a kan tafasawa, saboda amfanin abincin ba ya tsiyayewa cikin ruwan da za a zubar. Sai in markaɗa, ina ɗiga ruwan turarar kaɗan-kaɗan. Kaurin da nake nema shi ne wanda zai zubo daga cokali a hankali. In ya cika kauri zai toshe bakin jakar, in ya tsinke kuma yaro ya sha ruwa kawai. Nama, wake ko kifin da aka cire wa ƙaya tas ina haɗa su da kayan lambu, domin daga wata 6 jikin yaro na buƙatar ƙarin sinadarin ƙarfe. Ba gishiri, ba sukari. Zuma kuwa ko ɗigo kada ta shiga bakinsa sai ya cika shekara 1, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim, wadda hanjin jariri bai yi ƙwarin da zai kare kansa daga gare ta ba.

Kada ki zuba da zafi, kada kuma ki bar shi ya yi ta zama a waje. Nakan baza shi a faffaɗan kwano ya huce da wuri. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, in ana tsananin zafi ma awa 1 ce. Ki ɗaure murfin tukuna, ki kifa jakar cikin kofi, ki buɗe zif ki zuba da cokali ko mazurari. Ki goge layin zif ɗin, ki matse iskar da ta rage, sannan ki bi shi da yatsa sau biyu. Sai ki rubuta sunan abincin da kwanan wata a jiki. Kabewa da karas in sun daskare, ke da kika dafa ma ba za ki bambance su ba.

A firij mai sanyin digiri 4 ko ƙasa da haka, kwana 1 zuwa 2 nake ba shi, mai nama ko kifi kuma ba ya wuce kwana 1 a wurina. A firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili ba na bari ya haura wata 2. Ina kwantar da jakunkunan a shimfiɗe, sun fi saurin daskarewa da saurin narkewa. In za a ci gobe, yau da dare nake sauko da ita firij. Ɗumamawa kuma, in tsoma jakar cikin ruwan ɗumi, in mulmula ta a tafin hannu, in ɗiga a bayan hannuna in ji. Abin da ya narke ba ya komawa firiza. In wuta ta ɗauke har ya saki ya ɗumama, zubarwa nake yi, ko da raina na ƙyashi.

Inda na fi damuwa shi ne wanki. Wata rana na ɗaga jaka ɗaya a hasken taga, sai ga baƙin ɗigo a can lungun kusa da bakinta: fumfuna ce. Gabana ya faɗi, don da safen nan na so in cika ta. Ashe da na wanke ta a baya, da danshi na rufe ta. Yanzu da yarinya ta gama ci nake ɗauraye jakar, in buɗe zif gaba ɗaya, in shiga da buroshin kwalba da ruwan sabulu mai ɗumi, bakin da murfin kuma in bi su da ɗan siririn buroshi. Daga nan in kifa ta a buɗe a kan cokali mai tsaye har ta bushe ƙarau. Wadda ta fara wari ko ta tsage, ta gama aiki. Shi ya sa nake zaɓen masu gefe garai-garai da ake hango cikinsu.

Ban cika miƙa wa 'yata jakar ta tsotsa ba. A cokali nake matso mata, ta ga launin abin, ta ji ƙamshinsa, ta koyi juya shi da harshe. Yawan tsotso yana barin zaƙi a kan haƙora, kuma yaro na buƙatar ya saba da abinci mai ɗan gudaji tun kafin ya yi nisa. Akwai wata riba kuma: jakar da baki bai taɓa ba tana komawa firij, wadda aka tsotsa kuwa yawu ya riga ya shiga, ragowarta sai zubarwa. Tsotso na bar shi don ranar tafiya, jakar na cikin 'yar kula da ƙanƙara. Murfin kuma da na kwance shi sai aljihuna, domin ƙarami ne, kuma duk abin da hannunta ya kai gare shi baki take kai shi.