Kurakuran da sababbin masu hidimar ciyarwa a coci suke ta maimaitawa

Duk lokacin da aka yi sanarwa a sujadar Lahadi cewa ana neman masu aikin sa kai a hidimar ciyarwa, hannuwa sukan tashi da yawa, muna kuwa murna, domin aikin ya fi ƙarfin Zumuntar Mata ita kaɗai. Sai dai kafin a yi nisa, sababbin sun faɗa ramukan da na bara suka faɗa. Na gaji da jan kunnen mutane ɗaya bayan ɗaya a bakin murhu, shi ya sa na zauna na rubuta. Mu a nan Jos ranar Asabar muke ɗora tukunya, muna ciyar da gwauraye da marayu da waɗanda rikici ya raba da ƙauyukansu, da duk wanda yunwa ta kawo shi ƙofar coci. Abin da zan faɗa yadda ni nake yi ne, wata ikilisiyar tana iya samun tata hanyar.

Bari in fara da ƙananan. Kada ki zo da dogon farce da zobba ki ce za ki kwashe tuwo. Ɗaura ɗankwali ya rufe gashi duka. Ludayin da kika ɗanɗana miya da shi kada ya koma tukunya, ki zuba a tafin hannu. Ku rage gishiri da magi, domin tsofaffinmu da yawa suna fama da hawan jini, wanda yake son ƙari ga gishiri nan a gefe. Kayan miya a sayo su a Farin Gada tun ranar Juma'a, a tsince wake a daren, ba a fafe gora ranar tafiya. Lissafina mudu ɗaya na shinkafa mutum takwas ne idan akwai wake a ciki, kuma kullum ina ƙara mudu biyu saboda waɗanda ba a sa rai da su ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne hoto. Waya ta shigo hidimar nan ta ɓata mana abin da muka daɗe muna ginawa. Akwai wata gwauruwa, mai 'ya'ya huɗu, da ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta yarda ta fara zuwa. Takan zo daga ƙarshe-ƙarshe, ta rufe kwanonta da gefen zani, ta karɓa ta fita ta ƙaramar ƙofa. Wata Asabar wani saurayi sabon shiga ya ɗauke ta daidai lokacin da ta miƙa kwano, ya sa a Facebook, ya rubuta cewa ga yadda Allah yake amfani da mu wajen share hawayen matalauta. Kafin dare dangin mijinta sun gani. Suka kira ta suka ce ta tona musu asiri, ta nuna wa duniya cewa sun kasa riƙe 'ya'yan ɗan'uwansu. Ranar Litinin yara suka yi ta tsokanar babbar 'yarta a makaranta. Ba ta sake zuwa karɓar abinci ba, sujada ma ta daina. Da na je gidanta na same ta tana dama kunun da ko suga babu, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce, "Mama, na gode da kika zo, amma gara mu kwana da yunwa da a yi ta nuna mu a waya." Yaron ya goge hoton, ya je ya ba da haƙuri har da hawaye, amma wanda ya gani ya riga ya gani. Har yau sai dai in aika mata da ɗanyen hatsi da dare ta hannun maƙwabciyarta.

Ina tambayarku, wa ya ce ku yi wa Allah talla da fuskar mai jin yunwa? A Matiyu sura 6 Ubangiji ya hana busa ƙaho in za a ba da sadaka, ya ce ko hannun hagu kada ya san abin da na dama yake yi. Ku dubi kuma Bo'aza a Littafin Rut sura 2. Bai tara jama'a ya miƙa wa Rut dami a gabansu ba. Ma'aikatansa ya ja gefe ya ce su zare zangarniya daga dammuna su bar mata a ƙasa ta yi kala, kada kuma wanda ya tsawata mata. Ta koma gida da hatsi, da mutuncinta kuma. Dokata yanzu ita ce, duk wanda zai tsaya wurin rabo ya bar wayarsa a jaka. Idan masu ba da gudummawa suna son shaida, a ɗauki hoton tukwane da buhuna da rasit, ya ishe su.

Ƙanin wannan kuskuren shi ne dogon wa'azi kafin abinci. Mutum ya taso daga nesa a ƙafa, cikin sanyin Jos, ko koko bai sha ba, ƙamshin miya yana dukan hancinsa, sai a zaunar da shi awa guda ana buɗe aya bayan aya. Ba ya jin komai, tukunya kawai yake kallo, kuma a ransa ya gane cewa zaman nan shi ne kuɗin tuwon. Lokacin da Iliya ya gudu jeji ya kwanta yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna sura 19, mala'ika waina da tulun ruwa ya ajiye masa, ya tashe shi ya ci har sau biyu, sai daga baya Allah ya yi magana da shi a Horeb. Ni addu'ar godiya gajeriya nake yi, a ci. Wanda yake son a yi masa addu'a ko yana da tambaya, ga benci nan a gefe, ga dattijon ikilisiya yana zaune. Za ku yi mamakin yawan waɗanda suke zuwa bencin nan da ƙafarsu bayan sun ƙoshi.

Na biyun da ya ci mana tuwo a ƙwarya shi ne shinkafar da aka dafa tun dare. Wasu 'yan mata masu himma suka ce za su rage mana wahalar safiya. Suka dafa dafa-duka a daren Juma'a, suka zuba a kula da zafinta, suka rufe, suka tafi gida. Da rana ta yi aka buɗe, ba ta yi wari sosai ba, sai ɗan danƙo da wata ta lura da shi ta yi shiru. Aka ɗumama, aka raba. Kafin magariba yara suna ta amai, wasu da gudawa, muka kwana muna zirga-zirga tsakanin gidaje da asibiti. Wani ƙaramin yaro da dama tamowa ta riga ta ci ƙarfinsa sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Allah ya rufa asiri ba a rasa rai ba, amma kuɗin da aka tara na abincin makonni ya tafi a magani, unguwa kuma ta ɗauka cewa abincin coci yana sa ciwo. Mun daɗe kafin iyaye su sake sakin 'ya'yansu su zo.

Ku ji da kyau. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta. In aka bar dafaffiyar shinkafa da ɗumi-ɗumi na sa'o'i, ƙwayar takan hayayyafa ta saki guba, gubar nan kuwa ɗumame ba ya kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Mu da wuta ba ta zama balle mu dogara da firiji, hanya ɗaya ce gare mu: a dafa da safe, a raba da zafinsa. Wanda ya ga danƙo ko ya ji tsami ya faɗa da ƙarfi, ko da shugabar zumunta ce ta dafa. Zubar da tukunya guda yana da ciwo a wannan tsadar, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, amma ya fi kwana a asibiti da ɗan wani. Da damina, lokacin da amai da gudawa yake yawo, ina ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, ba kwano ɗaya da kowa zai tsoma hannu ba. Kowannenku kuma ya haddace haɗin ruwan gishiri da suga: lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da kuka ga ƙafarsa ta kumbura, gashinsa ya yi ja, ba tuwo ne maganinsa ba, a raka uwarsa asibiti ranar nan.

Yanzu ku matasa, da ku nake. Kowa yana son riƙe ludayi a gaba inda ake cewa "Allah ya sa albarka", in aka zo kankare ƙanzo da wankin tukwane sai a neme ku a rasa, wai kuna da gwajin waƙa. Tsofaffin da gwiwa take damunsu su ne suke sunkuye a bakin famfo har yamma. Ba kunya? Sai kuma ku zo kuna ce mini hidimar ba ta ƙara muku komai a ruhaniya ba. Yaya za ta ƙara? Ni inda na ga bangaskiyar mutane ta yi ƙarfi, a bayan ɗakin girki ne: ranar da buhu ya ƙare, baikon da ake tarawa a coci bai taru ba, muka durƙusa a kan toka muka yi addu'a, muka ɗora ruwa a wuta ba mu san abin da za mu zuba ba, sai ga wani manomi daga ƙauye da buhun dankali a bayan babur. Wanda yake zuwa sai an gama dahuwa ba zai taɓa ganin wannan ba, labari kawai zai ji. Masu sa suna a takarda kuma su ƙi zuwa ba ko aike, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. In wata ɗaya sau ɗaya za ka iya, faɗi haka, mu san lissafinmu.

Son kai wurin rabo ma yana nan, kuma tsohon ciwo ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni na farko a ikilisiyar Urushalima a kan abinci ya tashi, masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri kawai ba, suka sa aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, irin su Istifanas da Filibus, dukansu kuma sunayen Helenanci gare su. A wurinmu ma na sha ganin ludayi yana nutsewa ƙasan tukunya in mai kwano ya yi gaisuwa da yaren Birom ko Ngas, ya tsaya a sama in Margi ne ko Kilba. Maganina shi ne, mai zuba miya daban, mai sa nama daban, kuma kada su zama 'yan yare ɗaya. Nama a ƙirga shi tun kafin a fara.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna zuwa, har da almajirai da robobinsu. Saboda su nake sayen nama wurin mahauci Musulmi, kuma tukwanenmu ba a taɓa dafa alade a ciki ba, don kowa ya ci hankalinsa kwance. Kada wanda ya tambayi yaro addininsa kafin ya zuba masa. Ragowar abinci kuwa ba na masu aiki ba ne da za a ɗure a leda tun rabo bai ƙare ba. A fara aika wa marasa lafiyar da suka kasa zuwa, abin da ya saura a raba a fili kowa yana gani. Kuɗin cefane mutum biyu su riƙe, a rubuta ko na ashana ne.

Akwai kuma hana masu cin abincin taimakawa. Sababbi sukan ce, "A'a Baba, zauna ka huta, mu za mu yi." Suna ganin ladabi ne, alhali sun mai da shi mai karɓa har abada. A ƙarshen 2014, da Boko Haram suka kama Mubi har hedikwatar cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi ta tashi, mutane da yawa sun gudo Jos. Cikinsu akwai wani dattijo da yakan zauna a ƙarshen benci, ya ci, ya tashi ba ya ce wa kowa uffan. Wata rana ya ga yara suna fama da wani kututture, ya miƙe ya ce a ba shi gatari. Wata ta so ta hana shi, na ce ta ƙyale shi. Ya faskare itacen tas, ya jera shi yadda ba mu taɓa jerawa ba, ashe manomi ne babba a garinsu. Daga ranar ya fara magana, daga baya ya shiga ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, yanzu shi yake raka mu kasuwar hatsi, domin da ya damƙi masara a hannu ya san ko ta bushe. Saboda haka in wata ta ce a ba ta wuƙa ta yanka albasa, ku nuna mata inda ake wanke hannu, ku miƙa mata wuƙar, ku kuma rubuta sunanta a jerin masu aikin Asabar mai zuwa.