Sanarwa a lasifika: muryar mutum za ka sa ko ta na'ura?

In kai aka ɗora wa harkar sanarwa a tashar mota ko kasuwa ko asibiti, kafin ka kashe ko sisi ka raba sanarwar gida biyu, wadda ba ta canzawa da wadda kullum sai an taɓa ta.

Wadda ba ta canzawa, irin su "a kula da kaya", "a bi layi", wallahi mutum kawai za ka nema ya naɗa maka. Ba sai ka je situdiyo ba, waya ta isa, ku shiga ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka, a jira maƙwabci ya kashe janareto, wayar ta yi kamar taƙi ɗaya daga bakinsa. Ya yi magana a hankali, abu mai muhimmanci ya faɗa sau biyu. Ka gyara da Audacity, manhajar gyaran sauti, kyauta ce, ka zuba a memori. Kuma ka biya shi haƙƙinsa, ka gaya masa inda za a riƙa sa muryar.

Na'ura kuma amfaninta wajen abin da ke canzawa ne, lokacin tashin mota, lambar layi, kuɗin mota, ka rubuta ta karanta nan take. A 2023 Meta, mai Facebook, ta fitar da manhajar karanta rubutu a harsuna sama da 1,000 har da Hausa, amma fa Hausa da karin sauti take tafiya kuma ba ma rubuta shi, to na'ura sai dai ta yi canke, shi ya sa za ka ji ta ja sunan unguwa kamar Rigasa ko Unguwar Rimi wani iri. Dabarar ita ce ka sa ƙ da ɗ da ɓ daidai, lambobi ka rubuta su da kalmomi, "ƙarfe biyu da rabi" ba 2:30 ba, jimloli gajeru.

Ko wacce ka zaɓa kar ka yarda da yadda ta fito a iyafis. Je ka inda za a sa ta, misali tashar Kawo ko Mando a Kaduna, da rana tsaka, sa ta a ainihin lasifikar, ka tambayi wata tsohuwa can nesa, "Mama me kika ji an ce?" In ta kasa maimaitawa, a sake.

Gobara ko ɓatan yaro kam, mutum ya ɗauki makirfo da kansa.