Darasi na 7: Injin Fetur Mai Shaƙar Iska da Kansa

Ku tsaya bakin kasuwar Dole ta Damagaram da hantsi, ku dubi ƙananan motocin da ke wucewa. Da yawansu tsofaffin Toyota ne: Corolla, Starlet, Carina. Injin irin waɗannan motoci yawanci ba shi da turbo. Turbo wata ƴar fanka ce da hayaƙin mota ke juyawa, tana ɗura wa inji iska da ƙarfi. Injin da za mu karanta yau babu mai ɗura masa komai. Da kansa yake shaƙa, kamar ni da ku.

A cikin inji akwai ramuka da ake kira silinda, yawanci guda 4. Kowace silinda da fistan a cikinta, yana hawa yana sauka. Idan fistan ya sauka, sai ya zuƙo iska da fetur. Idan ya hau, sai ya matse su. Daga nan buji ya ƙyasta wuta, su ƙone, ƙarfin ƙunar ya tura fistan ƙasa. Da ya sake hawa, sai ya kori hayaƙi waje. Zuƙa, matsa, ƙuna, kora: aikin ke nan, babu tsayawa, har a kashe mota.

Lambobin da ke jikin mota

Wani lokaci za ku ga an rubuta 1.6 ko 1.8 a bayan mota. Wannan girman cikin inji ne, da lita. Injin Toyota mai suna 4A-FE, wanda ke cikin tsofaffin Corolla da Carina, girmansa cc 1587 ne (cc 1,000 shi ne lita 1), shi ne ake taƙaitawa a ce 1.6. Wanda ake kira 1ZZ-FE cc 1794 ne, wato 1.8. Dukansu silinda 4 gare su da bawul 16. Bawul shi ne ƙofar da ke buɗe wa iska ta shiga, hayaƙi ya fita.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata mai mota ya riƙe. A 4A-FE bel na roba ne ke haɗa juyin sama da na ƙasan inji, kuma ana canza shi wajen kilomita 100,000, ko kafin haka in ya tsage. A 1ZZ-FE sarƙa ce ta ƙarfe, tana daɗewa muddin baƙin mai na da kyau. Ku tambayi bakanike wanne ne a taku.

Me ya sa direbobinmu ke son wannan inji? Kayansa kaɗan ne, abin lalacewa kaɗan. Ba ya ɗaukar zafi kamar mai turbo, kuma bakaniken Mirya ko na Magarya zai iya kwance shi ya ɗaura. Gaskiya ne ba shi da zafin tashi kamar mai turbo, musamman in an cika mota da kaya. Ni dai a ganina, ga mai neman abinci da mota, juriya ta fi gudu.

Ƙura

Nan nake so mu daɗe. Kafin inji ya ƙona kilo 1 na fetur, sai ya sha iska kilo 14.7. In muka mayar da shi awon lita, kowace lita 1 ta fetur tana buƙatar iska sama da lita 9,000. Wato duro 45 na iska, irin duron nan mai lita 200. To, ku tuna iskar Damagaram a watan Janairu, lokacin da hazo ke rufe gari har ba a hango nesa. Ku tuna yashin hanyar Tanut. Duk wannan iskar ta filta take bi kafin ta shiga inji. In filtar ta huje, ko murfinta bai zauna daidai ba, rairayi zai shiga silinda ya riƙa cin ƙarfe a hankali. Ba a jin ƙararsa. Sai wata rana mota ta fara shan baƙin mai, ta rasa ƙarfi a hawa.

Saboda haka a lokacin hunturu ku buɗe filtar iska duk mako. Ku kaɗe ta a hankali, ku ɗaga ta ga rana. In haske ba ya ratsa ta, ko kun ga tsaga, a sa sabuwa. Filtar takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in ga an cire filta gaba ɗaya wai don mota ta ƙara ƙarfi. Wanda ya yi haka da hannunsa yake zuba wa injinsa yashi.

Baƙin mai da ruwa

Da safe, kafin a tada mota, a zaro ƙarfen awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyun nan. A ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu, a yi juyen mai duk kilomita 5,000, tare da filtarsa. Lambar da ke jikin galan, kamar 15W-40 ko 5W-30, kaurin mai take nunawa. A bi wadda littafin motar ya faɗa. In fitilar mai ta kama kuna tafiya, ku tsaya nan take ku kashe inji.

A watan Afrilu da Mayu zafinmu yakan wuce digiri 40. Lagireto na son ruwansa na musamman, mai launi. Ruwan rijiya yana barin gishiri da tsatsa a ciki, har hanyoyin su toshe. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan zai yi tsiri ya ƙona fuska. Wasu sukan cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, wai don inji ya yi sanyi. In ya lalace, canza shi ya fi cirewa, domin inji mai sanyi fiye da kima fetur yake ƙara sha.

Ga kuma fetur. Tun 2011 ake tace mai a matatar SORAZ, arewa da garin nan, amma har yanzu da yawanmu na sayen na kwalba a wajen ƴan ruwa-ruwa. In haka ta kama, ku ɗaga kwalbar ku duba gindinta ko akwai ruwa ko datti, kuma a tace da ƙyalle mai tsabta.

Hayaƙi ma magana yake. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai. Baƙi, fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga silinda, kuma wannan na bakanike ne, yau ba gobe ba.

Aikin gida

Ku sami ƙaramin littafi ku ajiye a mota. Ku je gaban sitiyari ku kwafi lambar kilomita. Idan an yi juyen mai a kilomita 182,400, a kilomita nawa za a sake? Ku rubuta amsar da lambobi, ku zo da ita darasi na gaba tare da tsohuwar filtar iska guda ɗaya, mu ɗaga ta ga rana tare.