Yadda ake warware lissafin intigiral da manhajar COMSOL

Duk wanda ya yini a ɗakin kwano a Damagaram cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ya ji wannan lissafi a jikinsa. Zafin da ke sauka kan bango ɗaya daga rufi yake zuwa, da sauran bangaye, su ma kuma daga gare shi suke karɓa. A lissafin, abin da ake nema, wato zafin, yana wajen alamar intigiral (∫, alamar tara ƙananan kaso wuri guda), yana kuma cikinta. Irin wannan ne Ivar Fredholm, mutumin Suwidin, ya yi wa bayani a 1903.

Shawarata ga ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke Damagaram: kada a fara da ɗakin. A fara da misalin da alƙalami zai iya tabbatarwa: u(x) = x + ∫ x·s·u(s) ds, daga 0 zuwa 1. Amsarsa u = 1.5x.

A cikin COMSOL, manhajar warware lissafin kimiyya da injiniyanci, buɗe Model Wizard, zaɓi 1D, sai Coefficient Form PDE, sai Stationary. Ja layi daga 0 zuwa 1. A ƙarƙashin Definitions ƙara Integration, ka zaɓi layin gaba ɗaya. Manhajar za ta sa masa suna intop1. Koma kan Coefficient Form PDE, inda akwai gurabe masu suna c, a da f, ka mai da c sifili, a ya zama 1, a gurbin f ka rubuta x + intop1(dest(x)*x*u).

Nan ne ake tuntuɓe. A cikin intop1, x yana yawo ne kan layin duka, aikin s yake yi. Shi kuwa dest(x) yana riƙe wurin da ake neman amsa. Idan ka manta shi ka rubuta x a madadinsa, manhajar ba za ta ce uffan ba, za ta zana maka layi mai kyan gani wanda ya tashi daga 0.375 maimakon sifili. Na taɓa ɓata yini guda kan wannan.

Raba layin gida 50, danna Compute, ka duba ko u ya kai 1.5 a ƙarshen layin.

Sai ya kai za ka ƙara yawan gidajen, kuma a hankali. Kowane ɗigon da ake lissafa u a kansa yana ɗaure da kowane, saboda haka ɗigo 1000 na nufin gurabe miliyan guda a cike, ƙaramar kwamfuta kan yi nishi. Ka adana aikinka kafin kowane gwaji, tunda wuta kan ɗauke da tsakar rana. Bayan nan sai ka koma kan ɗakin kwanon, ka sauya dest(x)*x da ƙa'idar da ke auna yadda rufi ke kallon bango.